Likitan da ya nema wa ruwan kai hanya a Mbale

Ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe a ɗakin awon jarirai ta san irin wannan zuwan. Uwa ta kwance goyo, ga kan yaro ya rinjayi wuya, maɗiga ta kumbura, ƙwayar ido ta sunkuya ƙasa. An sha rubutu, an yi turare, don wasu sun ce ɗan ruwa ne. Ruwan kuwa na ƙwaƙwalwa ne. Kullum jiki yana samar da shi, idan hanyarsa ta toshe sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwar.

Wannan ciwo ne ya cinye rayuwar aikin Dokta Benjamin Warf, likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara. A 2000 ya bar Jami'ar Kentucky a Amurka, ya kwashi iyalinsa zuwa Mbale a gabashin Yuganda, inda ya jagoranci asibitin yara na CURE har 2006.

A da, maganin da aka sani shi ne a sa siririn bututu ƙarƙashin fata, ya kwashe ruwan daga kai zuwa ciki. Yana aiki, sai dai yakan toshe ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, kuma yaron da ke ƙauye mai nisa ba lallai ya iso asibiti da rai ba. Sai Warf ya haɗa dabaru biyu ta ƙaramin madubin tiyata: ya huda wa ruwan sabuwar ƙofa a cikin ƙwaƙwalwa, sannan ya ƙona wani ɓangare na tsokar da ke samar da shi. Ana kiran aikin ETV/CPC. Yara da yawa sun koma gida babu bututu, kuma yau asibitin yara na Boston ma yana yin sa. A 2012 aka ba shi lambar yabo ta MacArthur.

Bincikensa ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na yaran da suka zo Mbale da ruwan kai, ciwon ya biyo bayan cutar da ta kama su a makonnin farko na haihuwa.

Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke nanata tsabtar cibiya, da garzayawa asibiti idan jariri ya yi zazzaɓi ko jijjiga ko ya ƙi nono. Ranar awo kuma takan zagaya tef a kan yaro, ta rubuta a katinsa, ta gwada da na watan jiya.