Idan Hatsari Ya Faru a Hanya, Wa Zai Sanar da Gida?

Darasinmu na wannan mako a allon Kulob ɗin 'Yan Jarida ya shafi kowa, domin babu gidan da ba shi da matafiyi. Muna yawan jin wa'azi a kan yadda za a kauce wa hatsarin mota. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan tsautsayi ya riga ya faɗa, mutum yana kwance ba ya iya magana, ta yaya iyalinsa za su samu labari?

Hanyarmu da mutanenta

Mu 'yan yankin noman rani ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo kanal yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama da muke nomawa ba a gona suke tsayawa ba, mota ce ke kwashe su. Babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kura da Kadawa da Ciromawa. Daga kasuwar Kwanar Gafan ana loda kwandunan tumatir har zuwa Legas.

Ku duba irin mutanen da ke bin wannan hanya. Akwai direbobi da yaran mota. Akwai dillalai. Akwai 'yan ci-rani da ke zuwa daga garuruwa masu nisa don yankan shinkafa. Akwai mata da yara da ake ɗiba a bayan a-kori-kura zuwa aikin gona da sassafe. Akwai mu ɗalibai da ke hawa babur ko adaidaita-sahu. Da yawa daga cikinmu muna fita ba tare da ko guntuwar takarda mai ɗauke da sunanmu ba.

Ba mu manta da ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025 ba, lokacin da motar tawagar 'yan wasan Jihar Kano ta faɗa ƙarƙashin gada a yankin Dakatsalle, a hanyarsu ta dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun. Fiye da mutum 20 suka rasu. Allah ya jiƙan su da rahama. Su tawaga ce da aka san sunayensu tun kafin su tashi. To, a ce motar haya ce wadda ta ɗebi fasinja a bakin titi, ɗaya daga Bunkure, ɗaya daga Ɗambatta, ɗaya daga Maraɗi, babu wanda ya san wani. Wa za a kira?

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ke nan mu da yayyenmu abin ya fi shafa.

Me ya sa saurin sanar da iyali yake da muhimmanci?

Na farko, saboda magani. Likita yana bukatar ya san ko majinyaci yana da sikila, ko ciwon suga, ko asma, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Wanda ya suma ba zai faɗa ba, iyalinsa ne suka sani.

Na biyu, saboda jini. Wanda ya zubar da jini da yawa yana bukatar ƙari, kuma a asibitocinmu dangi aka fi nema su bayar.

Na uku, saboda izini da ɗawainiya. Akwai aikin tiyata da ake so wani na jiki ya sa hannu. Akwai sayen magani, da jinya, da shawarar ko za a wuce da mutum babban asibiti a Kano. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa, amma bayan taimakon farko sauran hidima tana jiran dangi.

Na huɗu, idan rai ya yi halinsa. Addininmu ya koyar da gaggauta yi wa mamaci sutura. Idan ba a san ko wane ne ba, sai gawa ta yi kwanaki a ɗakin ajiye gawa, iyali kuma suna can suna zaton ɗansu yana gona ko kasuwa.

Na biyar, saboda zuciyar iyaye. Uwar da ɗanta bai dawo ba, ba ta san ko yana raye ko ya mutu ba, tana cikin azabar da ta fi ƙarfin kwatance.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Jihar Fulorida ta Amurka, a watan Disamba na 2005, wata matashiya ta rasu a hatsarin babur. Sai bayan fiye da awa shida mahaifiyarta ta samu labari, domin babu wata lambar dangi a hannun 'yan sanda. Uwar ba ta tsaya ga kuka ba. Ta yi ta bin hukumomi har a 2006 jihar ta buɗe rajistar lambobin gaggawa. Tsarin mai sauƙi ne. Duk mai lasisin tuƙi ko katin shaida yana iya shigar da sunan waɗanda yake so a kira da lambobinsu. Idan hatsari ya faru, ɗan sanda zai duba lasisin a kwamfuta, nan take sunayen su fito. Jami'an tsaro ne kawai ke da ikon gani. Miliyoyin mutane sun yi rajista, kuma wasu jihohin, kamar Ohayo, sun yi irin nasu.

A Ingila kuwa, wani ma'aikacin motar asibiti mai suna Bob Brotchie ya yaɗa wata dabara a 2005. Ya ce kowa ya adana lambar makusancinsa a waya ƙarƙashin haruffa uku, ICE, waɗanda a Turanci suke nufin "idan larurar gaggawa ta taso". Da haka mai ceto ba zai ɓata lokaci yana lalube a cikin ɗaruruwan sunaye ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2018 doka ta ce sababbin samfuran ƙananan motoci su zo da na'urar da ke kiran lambar gaggawa 112 da kanta idan an yi mummunan karo, ta kuma faɗi wurin da motar take.

Me muke da shi a nan gida?

Kada mu ce ai wannan sai Turai. Mu ma muna da namu, ko da ba a kwamfuta ɗaya yake ba.

Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke kira 'yan Rod Sefti. An kafa ta a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Lambarsu ta gaggawa ita ce 122, kuma kyauta ake kira. Akwai kuma 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya.

Akwai takardar sunayen fasinjoji, wadda a tasha ake ce wa manifes. Ƙa'ida ce motar haya mai zuwa wani gari ta cika ta kafin ta tashi. Fasinja zai rubuta sunansa, da inda za shi, da lambarsa, da sunan makusancinsa da lambarsa. Akan bar kwafi a tasha wurin 'yan yuniyan, direba ya tafi da ɗaya. Idan wani abu ya faru, ko da ta cikin mota ta lalace, ta tasha tana nan. Wannan ita ce rajistar gaggawa ta talaka.

Akwai kuma fom ɗin lasisin tuƙi da na katin ɗan ƙasa, duka biyun suna tambayar makusanci.

Sannan akwai tsohuwar hanyarmu: cigiya a rediyo, sanarwa a masallaci, da saƙo ta hannun mai unguwa ko dagaci. Tana aiki, amma tana cin lokaci.

Ina gizo yake saƙa?

Matsala ta farko, mutane suna raina manifes. Wani zai rubuta sunan banza. Wani zai sa lambarsa a gurbin lambar makusanci. Ku yi tunani: wayar tana aljihunsa, shi kuma yana kwance a sume, wa zai ɗauka? Wani ma yana ganin rubuta sunan dangi kamar kiran mutuwa ne. Wannan camfi ne. Ajali yana hannun Allah, takarda ba ta jawo shi, ba ta kuma kore shi.

Ta biyu, hawa mota a bakin titi. Ta fi araha da sauri, amma ba ta da manifes, kuma babu wanda ya san ka shige ta.

Ta uku, dogaro da waya kaɗai. Waya tana fashewa, tana faɗawa ruwa, caji yana ƙarewa, wani lokaci ma ɓata-gari ya ɗauke. Idan ta tsira, sau da yawa a kulle take.

Ta huɗu, tsohuwar lamba. Mutum ya cika fom shekaru da suka wuce, wanda ya rubuta ya canza layi ko ya rasu, shi kuma bai gyara ba.

Ta biyar, mu kanmu ba mu haddace lamba. Ku gwada a ajinku yau: mutum nawa ne za su iya kawo lambar Baba da ta Inna da ka, ba tare da dubawa ba?

Abin da kowane ɗalibi zai iya yi

1. Mu haddace lambobi biyu na manyan gidanmu, mu kuma koya wa ƙannenmu kamar yadda muke koya musu karatun allo.

2. Mu yi katin gaggawa. A yanki kwali daidai tafin hannu, a rubuta suna cikakke, da unguwa da gari, da sunan makaranta, da sunayen mutum biyu da lambobinsu, da rukunin jini idan an auna, da wata cuta idan akwai. A sa shi a leda don kada gumi ko ruwa ya ɓata shi. A ajiye a aljihu, ba a jaka kaɗai ba, domin jaka tana iya rabuwa da mai ita. Kada a rubuta lambar sirrin banki ko wani abu makamancinta.

3. Mu yi wa iyayenmu da kakanninmu nasu, musamman waɗanda ba sa rubutun boko. Wanda ya fi son ajami, a rubuta masa duka biyun.

4. Mai babur ko mota ya manna kwafi ɗaya a ƙarƙashin kujera ko cikin takardun abin hawa.

5. Mai babbar waya ya shigar da lambar gaggawa a wurin da ake iya gani ko wayar tana kulle. Mai ƙaramar waya ya adana suna a fili, kamar "Babana" ko "Matata", maimakon laƙabin da shi kaɗai ya gane.

6. Kafin tafiya a faɗa wa na gida: daga wace tasha, zuwa ina, da lambar motar.

7. A tasha mu cika manifes da gaskiya. Idan na kusa da mu bai iya rubutu ba, mu taya shi.

8. Masu gonakin da ke ɗaukar 'yan ci-rani su ajiye littafi, su rubuta sunan kowane ma'aikaci da garinsa da lambar wani nasa. Littafin rubutu guda ya isa.

Ladabin isar da labari

Sanar da iyali ba kiran waya kawai ba ne, yana da ladabi. Idan muka tarar da hatsari, aikinmu na yara shi ne mu kira babban mutum, mu kira 122 ko 112, mu faɗi wurin dalla-dalla, mu tsaya nesa da titi da kuma man da ya zube. Kada mu jijjiga wanda ya ji rauni a wuya ko baya.

Kada mu ɗauki hoto. Kada mu tura hoton da wani ya ɗauka a WhatsApp ko Facebook. Babu rashin tausayin da ya kai uwa ta buɗe waya ta ga ɗanta kwance cikin jini kafin kowa ya zo ya zauna da ita. Duk wanda ke cikin hoton nan ɗan wani ne.

Idan rasuwa ce, ba aikin yaro ba ne ya kai labari. A al'adarmu akan nemi dattijon gida, ko liman, ko mai unguwa, su je da kansu su faɗa cikin natsuwa. Idan rauni ne, mai kira ya faɗi sunansa, da asibitin da aka kai mutum, kada ya ƙara gishiri, kada kuma ya faɗi abin da bai tabbatar ba.

Haka nan mu faɗakar da iyayenmu game da 'yan damfara. Akwai masu kira su ce ɗanka ya yi hatsari, turo kuɗi yanzu-yanzu. Kafin a tura ko sisi, a kira wanda aka ce ya yi hatsarin, ko a aika wani ya je asibitin ya gani da idonsa.

Roƙonmu ga manya

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu a sabunta lambobin iyaye a rajistar kowane aji a farkon kowane zango, kuma a riƙa tafiya da kwafi duk lokacin da za a kai ɗalibai gasa ko ziyara. Muna roƙon shugabannin tasha kada mota ta tashi sai an cika manifes. Muna kuma fatan wata rana jami'in da ya isa wurin hatsari zai duba lasisi ko katin ɗan ƙasa, nan take ya ga wanda zai kira.

Tambayoyin bita

1. Kawo dalilai uku da suka sa ake son sanar da iyali da wuri.
2. Mene ne manifes, kuma me ya sa ake barin kwafi a tasha?
3. Waɗanne lambobi biyu ake kira idan an yi hatsari?
4. Me ya sa bai dace mutum ya sa lambarsa a gurbin ta makusanci ba?

Aikin gida: kowa ya yi katin gaggawa biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wani babba a gidansu. A nuna wa wakilin kulob na aji ranar Litinin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kwali da biro ba su fi ƙarfin kowa ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Amin.