Shin Gari Zai Iya Karɓar Filin Gandun Daji Don Ruwan Sha?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin ana yanka wa gari fili daga gandun dajin gwamnati saboda ruwan sha?

To Malam, ana yi, amma ba a ɓagas ba. A Amurka, alal misali, sai majalisar dokoki ta amince, kuma galibi garin ma ya ba da wani abu a madadi.

Birnin San Francisco ne babban misali. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, birnin ya matsa a ba shi kwarin Hetch Hetchy da ke gandun Yosemite don ya gina madatsar ruwa. John Muir, wani mai rajin kare muhalli, ya yi ta kai gwauro yana kai mari don hanawa, amma a 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu kan dokar Raker, wadda ta ba birnin izini. Aka sharɗanta wa birnin miƙa wa gwamnati wasu filayensa na cikin gandun, da gina hanyoyi, da biyan kuɗi duk shekara, wanda daga baya ya kai dala 30,000. An gama madatsar a 1923, ruwan ya isa birni a 1934.

Sama da mutum miliyan biyu ke shan ruwan yau. Amma a ganina kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai, domin kwarin gaba ɗaya ruwa ya shanye shi.