Garatuti ba ya zuwa sau biyu

Wani tsohon samanja ya shigo ofishina da takardu cikin leda, wai in duba masa lissafin gonar kajinsa ko banki zai ba shi rance. Shekara 35 ya yi cikin kaki. Yana cikin dakarun ECOMOG da suka je Laberiya, ya yi Saliyo, ya ƙare a Borno. Kafin ritaya an tura shi cibiyar koyar da sojoji sana'a da ke Oshodi a Legas, har ya ɗan taɓa kiwon kaji a can. Ka ga ba da ka ya faɗa harkar ba.

Kuɗin sallama na shiga asusunsa sai ga wani yaro mai kiran kansa ƙwararre, ɗan tsohon abokin aikinsa ne ma. Ya zana masa ɗakin kaji 2,000 masu ƙwai, da rijiyar burtsatse, da sola, da janareta. Ya lissafa masa kiret nawa zai riƙa kwasa kullum. Abinci kuwa ko a bakinsa. Alhali kowa ya san kaza ba ta fara ƙwai sai wajen mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan kaji 2,000 sun cinye fiye da buhu 500 mai kilo 25. In sun fara ƙwan ma, buhu tara zuwa goma suke so kowace rana. A wace makaranta wannan yaro ya yi karatu? Ya karɓi ladansa a kan gini da kayan aiki, ya kama gabansa.

A mako na 14 kuɗi suka ƙare. Fansho ya koma cikin kaji, gida ya shiga wani hali. Baba ya fara rage musu abinci yana haɗawa da dusa, suka rame, wasu suka mutu. Dole ya sa rabi a kasuwa.

Na ce, "Baba, ina littafin shige da fice?" Ya ciro littafin 'yan firamare. Shafi uku aka rubuta, sauran duk sunaye ne: kofur wane ya ɗauki kaji 50, saje wane 100, za su biya ƙarshen wata. Ba sa hannu, ba shaida. Da na yi magana sai ya ce, "Ɗana, mutumin da muka kwana rami ɗaya da shi zan ce ya sa min hannu?" Nan ne raina ya fi ɓaci, don ban ga inda zan kama ba. Gaskiyarsa ce ta cuce shi. Rancen kuma na faɗa masa kai tsaye, babu bankin da zai kalli wannan littafi.

To ku saurara, ku masu shirin ajiye kaki. Kada ku zuba kuɗin sallama duka a sana'a ɗaya. Ku fara da kaɗan, kaji 200 sun isa koyo. Kuɗin juyawa ya fi gini muhimmanci. Wanda zai ci riba a kan abin da za ku saya, ba shi ne mai ba ku shawara ba.

A bariki in ka ba da oda an gama. Yaron shago ba kurtu ba ne, zai ce "to, Yallaɓai" ya yi abin da ya ga dama. Ku zauna a wurin da kanku, ku ƙirga, ku rubuta. Bashi ma ku rubuta, ko na ƙaninku ne. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, ku raba asusun sana'a da na cefane.

Masu cewa ku kawo kuɗi a ninka muku kuwa, na gaji da maganarsu. MMM ta rufe da kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, har gobe ana kai musu.

'Yan sanda da 'yan kwana-kwana na tarayya, naku ya fi tsanani. An fitar da sojoji daga tsarin fansho na adashi tun 2011, ku kuwa wani kaso ne kawai ake ba ku a dunƙule, sauran a gutsura muku wata-wata. Ku tambayi kamfanin fanshonku adadin tun kafin ku fara neman shago, kuma kada ku faɗa wa kowa ranar da kuɗin za su shigo.