Yadda Ake Kafa Indararo a Soron Ƙasa

Indararo shi ne mazurarin da ke kwashe ruwan sama daga kan soro ya watsa shi nesa da bango. A Zariya, inda ruwan shekara kan kai milimita 1,000, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, soron ƙasa ba ya kai labari sai da shi.

A da ana fafe guntun giginya ne, ko a sa na yumɓu gasasshe. A Tudun Wada, unguwar da ta tashi a wajen ganuwa zamanin Turawa, na kwano ya fi yawa. Maƙeri zai yanka falle da almakashi, ya lanƙwasa shi da guduma, gindi da faɗi, baki a tsuke. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Aikin yana wajen magini, kuma da bazara ake yinsa, kafin ruwa ya sauka. Zai hau soro da bokiti ya kwara ruwa, ya ga inda yake gangarawa, a nan zai huda rawanin bango. Ba a bin ido kawai, domin rufin azara kan lotsa da shekaru, magangara ta sauya wuri.

Wajen zaunar da gindin ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Dole leɓen indararo ya shige ƙarƙashin yaɓen rufin, yadda ruwa zai hau kansa. Idan leɓen ya ɗaga ko da kaurin yatsa ne, ruwa zai bi ta ƙasa ya jiƙa bango daga ciki, ba wanda zai sani sai azara ta fara ruɓewa. Karkatarsa ma da awo: in ya miƙe sosai ruwa ya kwanta, in ya sunkuya da yawa ya zuba a gindin bango ya cinye shi. Sai a tokare shi da guntun azara, a cike gefensa da ƙasa mai ramno, a bi da laso, wato katsin marina da aka kwaɓa da gashin jima da dafara. Ana shafa shi, a bari ya sha iska, a sake shafawa har tsaga ta ɓace. Masu gaggawa yanzu siminti suke liƙawa, shi kuwa ba ya kama ƙasa, damina ɗaya ya ɓamɓare.

Sana'ar ta gado ce a Zazzau, garin Babban Gwani Mika'ilu da ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, kuma tsofaffin magina ba sa barin yaro ya taɓa wannan gurbin sai ya daɗe yana miƙa tubali.

Ba a juya bakin indararo cikin gidan maƙwabci. A ƙasa ana ajiye dutse inda ruwan ke faɗuwa don kada ya haƙa rami, ko a kafa randa a tari ruwan wanki. Kowace shekara sai an hau an share ganye da sheƙar tsuntsu, an duba lason.