Darasi: Salula a Kan Caji da Jan Wuta

 Darasinmu na wannan fitowa a kan salula ne, wadda yau ba falken da zai fita da shanu ba ta cikin aljihunsa. Da ita muke jin farashin Maigatari muna Maradi, da ita ake gaya mana tirela ta wuce iyaka. To amma da yawa cikinmu sun sha jin ta ɗan ja su a yatsa ko a kunne in tana kan caji, sai a yi dariya a ce wuta ce ta yi gaisuwa. Wannan gaisuwa tana da dalili, kuma ya kamata mu san shi.

Wutar da ke cikin bango a Nijar, Kamaru, Chadi, Gana da Nijeriya ƙarfinta bolt 220 ne zuwa 230. Ita kuwa salula abin da caja ta yau da kullum ke ba ta bolt 5 ne kacal. Watau aikin kan caja shi ne ya tare babbar wuta ya rage ta, kamar shingen da ke tsakanin bijimi da maraƙi. A cikinsa akwai 'yar ƙaramar taransifoma da tazarar da aka bari tsakanin ɓangaren babbar wuta da na ƙarama. Masu yin jabu a nan suke cin riba: su matse tazarar, su rage abin rufi. Ran da zafi ko laima ko ƙura suka cinye ɗan abin da ya rage, sai 220 ɗin nan ta bi igiya ta shiga jikin salula, daga nan sai hannun mai riƙe da ita.

A 2013 wata budurwa ma'aikaciyar jirgin sama ta rasu a ƙasar Sin bayan ta amsa kira salularta na kan caji, har kamfanin Apple ya shiga karɓar cajojin da ba nasa ba yana sayar da nasa da rangwame. A 2016 hukumomin kula da ingancin kaya na Ingila sun ba da sakamakon gwajin cajoji 400 na jabu: guda 3 kaɗai ke da isasshiyar kariya. Irin waɗannan kuwa su ne shimfiɗe a kan tabarma a bakin kara, mai araha, wanda in ka taya da kyau a bar maka shi kuɗin kofin shayi. Mutum ya ƙulla cinikin shanu ashirin, amma ya tsaya yana ja-in-ja a kan kuɗin caja!

Ɗan tsikarin nan da ake ji a jikin salula mai bayan ƙarfe, sau da yawa 'yar wuta ce kaɗan mai yoyo, wadda ko caja mai kyau takan yi. Amma mu ba mu da awon da za mu rabe ta da mugunyar. In ta ja ka, ko kan cajar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ko yana ƙara, ko ƙauri, a jefar da shi.

Abin da ke ƙara haɗarin a wajenmu shi ne yadda muke zama. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai; jiƙaƙƙiya kuwa hanya ce. Gumi, hannun da ya fito daga alwala, ƙafa ba takalmi a kan damshin kara da damina, duk suna buɗe mata ƙofa ta bi jiki ta sauka ƙasa. Ga kuma rumfar mai caji, janareto guda, salula hamsin, wayoyin wuta an ɗaɗɗaure da leda. Sannan ga bambancin soket: Nijar, Kamaru da Chadi mai ƙafa zagayayya irin ta Faransa, Nijeriya da Gana mai ƙafa uku irin ta Ingila. Shi ya sa za ka ga falke a masauki yana zura makullin mota a ramin sama don caja ta shiga. Kai, wannan a bari! A sayi mahaɗi mai kyau a ajiye cikin jaka.

In kira ya shigo, zare cajar tukuna. Kada a kwana da abin kunne mai igiya salula na jone da bango, kada kuma a tura ta ƙarƙashin matashi. Ƙaramin batirin tafiya da cajar mota ba sa jan mutum, sai dai batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni ko janareto; in ba hali, a ture igiyar da busasshiyar sanda, mu kuwa ba ma rasa sanda. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. Ɗura masa madara ba ya maganin komai, yana ma iya shaƙe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.