Yadda Malamin Firamare Zai Yi Amfani Da Wayarsa Wajen Kawata Aji Da Koyar Da Lissafi

Matasa da yawa da suke koyarwa a firamare, ko masu NCE ko 'yan bautar kasa, suna da wayar Android a aljihu, amma ajin da suke shiga bangonsa fayau yake. Waya daya ba za ta ishi yara sittin kallo ba. Bango kuwa kowa yana ganinsa, kuma ba ya bukatar caji. Saboda haka aikin wayar shi ne ta hada abin da za a manna.

Kafin a fara, akwai tarko. Wanda ya leka Pinterest zai ga azuzuwan Amurka an cika su da launuka tun daga kasa har rufi, sai ya ji kwadayin kwaikwaya. A shekarar 2014, masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon sun gwada yara 24 'yan ajin share fage a daki mai ado da yawa da kuma daki marar ado, suka gano cewa hankalin yaran ya fi dauke wa a dakin da ya sha ado, kuma abin da suka koya ya ragu. Wato duk abin da zai hau bango, ya zama akwai aikin da yake yi.

Na farko da ya cancanci wuri shi ne jadawalin dari. Malami zai bude Google Sheets ko WPS Office, ya yi gidaje goma a kwance, goma a tsaye, ya jera lambobi daga 1 zuwa 100, ya kara musu girma, sannan ya ajiye a matsayin PDF domin kada tsarin ya wargaje a kwamfutar mai shago. A buga a takardar A3, wadda ta ninka A4, baki da fari ma ya isa. Idan kudin bugawa ya yi wuya, sai a kalli wayar a zana a kwali da maka.

Amfanin jadawalin yana cikin motsin yatsa. Sauka gida daya kari ne na goma, matsawa dama kari ne na daya. Idan aka ce 34 a tara da 23, yaro zai dora yatsa a kan 34, ya sauka gida biyu zuwa 54, ya matsa dama uku, ya tsaya a 57. Debewa kuma hawa sama ne da komawa hagu. Ranar da aka zo ninkin tara, a sa yara su shafa launi a 9, 18, 27, 36, da kansu za su ga layin yana gangarowa a karkace, har su fadi lamba ta gaba kafin a tambaya. Sai dai a manna shi daidai tsayin yaro. Jadawalin da aka kai saman allo, inda hannu ba ya kaiwa, ya zama hoto kawai.

Karkashinsa a ja layin lambobi daga 0 zuwa 20. Nan tsohuwar kidayar Hausa tana taimakawa, domin mai cewa "ashirin ba biyu" ya riga ya san 18 taku biyu ne baya da 20.

Gurbin lamba ya fi shiga kai da abin da ake tabawa. Tsinken tsintsiya goma a daure da roba ya zama gomiya daya, dauri hudu da tsinke bakwai shi ne 47. Muraren kwalba ma suna yi. A kusurwar aji a kafa dan shago da gwangwanayen madara da kwalayen ashana, a rubuta farashi, a yanka takardu a matsayin naira 10, 20, 50 da 100, yara su rika saye suna ba da canji.

Malamin da ya hada fayil mai kyau zai iya tura wa abokan aiki ta Xender ba tare da data ba. Idan kuma zai dora hoton ajinsa a Facebook ko TikTok, ya dauki bangon bayan an tashi, kada fuskar yaro ko sunansa su fito sai da izinin iyaye.