DARASIN KIWO: KARE KAJIN GIDA DAGA SHIRWA, MUZURU DA MACIJI

'Yan'uwa manoma, maza da mata, idan aka kwashe 'yan tsaki a gidan wani sai mu ji ya ce, "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi." Maganar gaskiya ce, amma ba ta hana mu rufe akurki da dare ba. Kaza ita ce asusun talaka. Da ita ake sayen littafin yaro, da ita ake biyan magani, da ita ake karɓar baƙo. Yawancin hasararmu tana faruwa a lokaci biyu: makonni 6 na farko na ɗan tsako, da kuma cikin dare. Wanda ya tsare waɗannan biyu ya tsare kiwonsa.

Mu yi lissafi

Kazar gida takan kwanta a kan ƙwai kwana 21, kuma takan yi ƙyanƙyasa kamar sau 3 a shekara. A ce duk ƙyanƙyasa ta fito da 'yan tsaki 10, wato 30 ke nan. In 3 kawai suke girma kowane zubi, mun sami 9 a shekara. In muka tsare su har 7 suka girma, mun sami 21. Kazar ɗaya ce, gidan ɗaya ne. Bambancin kulawa ne kaɗai.

Halin ƙasarmu

Mu da muke zaune a bakin Kogin Haɗeja muna da wahalar da mutanen tudu ba su da ita. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sāke. Wuraren da dā sukan bushe da rani sun koma riƙe ruwa, sai ciyawar kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa. Duhuwar kacala maɓoya ce ta macizai da ɓeraye da guza.

A watan Agusta da Satumba, in ruwa ya cika fadama, duk waɗannan sukan gudo tudu, tudun kuwa shi ne gidajenmu. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma ba su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Akurkin laka da yake zaune a ƙasa shi ne farkon rushewa. Da kaka kuma tsuntsaye sukan zo daga Turai su yi hunturu a fadamun Baturiya da Nguru, cikinsu har da masu farauta. Saboda haka da damina mu dubi ƙasa, da rani mu dubi sama.

Sanin ɓarawo ta sawunsa

Kafin mu yi gyara, mu san wanda ya yi ɓarnar.

1. Shirwa da shaho: da rana suke zuwa. Kaza ta yi kuka, ɗan tsako ya ɓace, babu sawu a ƙasa.
2. Hankaka: yakan fasa ƙwai ya bar ɓawo, yakan ɗauki ɗan tsako ƙarami.
3. Muzuru, tunku da inyawara: sukan bar gashi warwatse da jini, wani lokaci su ci kai da wuya su bar saura.
4. Maciji: ƙwai ya ragu babu ɓawo, ko kaza mai kwanci ta wayi gari a mace ba wani rauni a fili.
5. Ɓera da gafiya: rami a gindin bango, 'yan tsaki da cizo a jiki.
6. Guza da damo: sawun jan wutsiya a kan rairayi. Ƙwai da 'yan tsaki suke nema.
7. In babu gashi, babu jini, babban zakara ne ya ɓace ana gab da Kirsimeti ko Salla, to, wannan ɓarawon ƙafa biyu gare shi. Kwaɗo shi ne maganinsa.

In muna shakka, mu share gaban akurki da yamma, mu barbaɗa toka. Da safe sawu zai gaya mana.

Akurkin kwana

Kada kaza ta kwana a kan bishiya ko a gindin rumbu. Mu gina mata ɗaki bisa ƙafafu 4, tsayin ƙafa 3 daga ƙasa, a wuri mafi tudu cikin gida. Azarar giginya ta fi kyau domin gara ba ta cinta da wuri. Ɗaki mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 4 zai ishi kaji 8 zuwa 10 kwana.

A kowace ƙafa mu kifa tsohon kwano ko mazurarin kwano, bakinsa yana duban ƙasa. Ɓera in ya hau ya iske shi sai ya komo. Mu bar taga domin iska, amma a rufe ta da waya mai ƙananan idanu, rabin inci. Wayar kaji mai manyan idanu kaza kawai take tsarewa, maciji da ɓera sukan wuce abinsu. Ga ma'auni mai sauƙi: duk kafar da babban yatsanmu ya shiga, a toshe ta. Tsanin da kaji suke hawa, a janye shi da dare. A sa wa yaro ɗaya aikin ƙirga kaji da rufe ƙofa kowace magariba.

Kwandon 'yan tsaki

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma kaza ɗaya ba ta iya tsare goma a fili. Mu saƙa babban kwando na kaba ko na kara, faɗin ƙafa 4, mu kife uwa da 'ya'yanta a inuwa. Makonni 2 na farko su zauna tare. Bayan haka ana iya sakin uwar ta yi kiwo da rana, a maido ta da yamma. Kullum a matsar da kwandon zuwa sabon wuri, da dare kuma a shigar da su akurki. In sun kai mako 6, gashi ya rufe su, sun iya gudu, sai a fara sakinsu.

Wanda yake da fili ya kewaye ɗan wuri da zana, ya shimfiɗa tsohuwar komar masunta a bisa. Koma ba ta da wuyar samu a ƙasar Haɗeja. Amma kada a cire gidan sauron yara domin kaji.

Abin lura shi ne, ɗan tsakon da aka tsare ba ya iya neman abinci, sai mun kawo masa. A ba su ɓarzajjen gero ko masara, dusa, garin ƙananan busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale. A cika tsohuwar tukunya da kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri. Bayan kwana ɗaya ko biyu gara ta cika ta. Ruwan sha a sa a faranti marar zurfi da 'yan duwatsu a ciki, don kada su faɗa.

Tsabta, ba guba ba

Mu sare ciyawa da kacala kewaye da gida, mu kawar da tarin itace da shara daga jikin akurki. Mu kwashe ƙwai kullum, kada kuma ragowar hatsi ta kwana a ƙasa. Ɓera yana bin hatsi, maciji yana bin ɓera.

Kada mu sa guba a nama ko ƙwai. Tana kashe kare da kyanwa da kajin maƙwabci, tana iya kai wa ga yaro. Guba tana cikin abin da ya rage ungulu a Afirka, har a 2015 masana suka sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Mujiya ma a ƙyale ta, ɓeraye ne yawancin abincinta.

Kada kowa ya sa hannu cikin akurki a duhu, sai da tocila. Akwai macijin da yake fesa dafi a ido. In haka ta faru a wanke idon nan da nan da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga wurin, a hanzarta kai mutum asibiti.

Aikin ƙungiya

Nannaɗin waya guda ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Mu haɗa kuɗi mu saya mu yanka mu raba. Mu yi gayya, gida ɗaya kowane mako, mu fara da gidajen gwauraye da tsofaffi, mu gama kafin watan Yuli. A tuna kuma, akurki ba ya tare cutar kaji ta hunturu. Sakatare ya nemi malamin dabbobi domin allurar rigakafi tun kaka.

Tambayoyi domin taro

1. 'Yan tsaki nawa aka ƙyanƙyashe a gidanka bara, nawa suka girma?
2. Wace dabba ce ta fi yi mana ɓarna a ƙauyenmu, a wane wata?
3. In ruwa ya shigo gari bana, ina kajinmu za su kwana?
4. Wa ya iya saƙar kwando a cikinmu da zai koya wa saura?

Kowa ya zo taro na gaba da lissafin kajinsa a rubuce.